Darasi Takwas Kafin Daren Dina: Abin da Muka Samu a Wata Makarantar Koyon Rawa a Abuja

Ban taɓa tsammanin zan cire kuɗi daga aljihuna don a koya mini rawa ba. Ni mutumin Zariya ne, kuma a gidanmu idan makaɗi ya ambaci sunan namiji, iyakarsa ya ɗaga hannu sau biyu, ya yi liƙi, ya koma ya zauna. Sai dai da aka zo tsara bikinmu, ƙawayen amarya suka saka dina a jerin shagulgula, bayan kamu da walima, kuma a takardar tsarin dinar akwai layi guda da aka rubuta cewa ango da amarya za su yi rawa su kaɗai. Na halarci dinar abokai da dama, na kuma san yadda wannan layin yake ƙarewa. Ango ya tsaya kamar an dasa shi, amarya ta sunkuyar da kai tana ɗan motsa kafaɗa, mai gabatarwa ya yi ta zuga su ba su da abin da za su yi, har sai masu liƙi sun taso sun rufe su, sannan kowa ya sami sauƙi. Matata ce ta ce ba ta son namu ya zama haka, kuma ita ce ta samo makarantar a Instagram.

Makarantar tana hawa na biyu a wani rukunin shaguna da ke Wuse 2. Ɗaki ne mai faɗi wanda aka shimfiɗa wa katako a ƙasa, bango guda kuma madubi ne tun daga sama har ƙasa. Suna koyar da yara da rana, manya da yamma, sannan suna da wani tsari na musamman don masu shirin aure, wanda mutum zai zaɓi darasi huɗu ko takwas ko goma sha biyu. Mu takwas muka ɗauka, biyu a kowane mako, kuma kuɗin ya yi kusan daidai da abin da na biya tela na ɗinki da aikin babbar rigata. Ana biyan rabi kafin a fara, a cika sauran bayan darasi na huɗu.

Akwai batun da nake ganin duk Bahaushen da zai nemi irin wannan hidima zai fara cin karo da shi, wato batun riƙe juna. Rawar da ake koyarwa a irin waɗannan wurare ta mutum biyu ce, hannu cikin hannu, kuma galibi ana yin darasin ne makonni kafin biki, lokacin da yawancin masu shirin aure ba a ɗaura musu ba tukuna. Mu mun tsira daga wannan ne don iyayenmu sun ɗaura aure tun makonni shida kafin biki, aka ɗaga shagali saboda jiran wasu 'yan uwa da ke hanya. Duk da haka amarya tana gidan gwaggonta a Gwarinpa ba ta tare ba, kuma kullum tare da ƙanwarta take zuwa. Abu na biyu shi ne wa zai riƙe wa a lokacin nuni. Tun a waya na faɗa musu ba na son namiji ya riƙe matata, ni ma ba na son mace ta riƙe ni, kuma a nan na fara jin daɗinsu, domin ba su yi gardama ba, ba su kuma nuna mamaki ba. Malamar da aka haɗa mu da ita, wadda ta girma a Jos take kuma jin Hausa sosai, ita take nuna wa amarya takunta, mataimakinta namiji kuma ya nuna mini nawa. Idan ana so mu ga yadda abin yake a haɗe, su biyun su yi a gabanmu mu kalla. Wanda bai riga ya ɗaura aure ba, malamar ta ce suna iya koya wa kowa nasa takun daban, a haɗa su a darasin ƙarshe bayan ɗaurin aure. Ban gwada wannan ba, amma ina shakkar darasi guda zai isa a haɗa abin da aka koya a rarrabe.

Darussa uku na farko su ne nake ganin an yi mana asarar lokaci a cikinsu, ko da yake ba gaba ɗaya ba. Makarantar tana da tsari guda da take ɗora kowane ango da amarya a kai, kuma tsarin ya fara ne da rawar Turawa da ake kira wals. Wannan rawa ta samo asali ne daga ƙauyukan Ostiriya da kudancin Jamus, ta kuma bunƙasa a birnin Biyana a ƙarshen ƙarni na 18. Ana ƙirga kiɗanta uku-uku, a nauyaya bugun farko. Akwai mai sauri irin ta Biyana da ke kaiwa bugu kusan 180 a minti guda, akwai kuma mai sanyi irin ta Ingila da ba ta wuce bugu 84 zuwa 90, kuma ita ce ake koya wa masu aure. Malamar ta ba mu labari, ganin yadda nake ɗari-ɗari da riƙon, cewa su kansu Turawan ba su karɓe ta da sauƙi ba, domin a shekarar 1816 jaridar The Times ta Landan ta yi tir da ita saboda yadda namiji da mace ke matsowa kusa da juna. Na ce mata ashe ba mu kaɗai ba ne.

Ginshiƙin rawar shi ne wani taku da ake zana murabba'i da ƙafa a ƙasa. Ango ya sa ƙafar hagu gaba, ya kai ta dama gefe, ya jawo ta hagu ta haɗe da ita. Sannan ya ja ta dama baya, ya kai ta hagu gefe, ya jawo ta dama ta haɗe. Amarya tana yin kishiyar haka, ta fara da jan ƙafar dama baya. A baki abu ne da yaro zai haddace cikin minti biyu, amma a ƙafa ya ci mini darasi guda da rabi, kuma kuskurena guda ne nake ta maimaitawa: ina haɗe ƙafar ba tare da na mayar da nauyin jikina kanta ba, sai in tashi yin taku na gaba da ƙafar da bai kamata ba, in sauka a kan yatsun matata. Mataimakin malamar bai gaji da ni ba. Ya sa na cire takalmi, ya ce in rufe ido, in riƙa faɗin ƙafar da nauyina yake kanta da baki kafin in motsa. Wannan dabarar ce ta warware mini matsalar, kuma ita kaɗai ta isa in ce mutanen sun san aikinsu.

Damuwar ita ce waƙarmu ba ta wals ba ce. Kamar yadda ake yi yanzu, wani mawaƙi ne ya yi mana waƙar biki da sunayenmu da na dangi, kuma kiɗanta huɗu-huɗu ake ƙirga shi. Na tura musu ita ta WhatsApp tun ranar da na biya kuɗi, amma da alama babu wanda ya saurara, domin sai a ƙarshen darasi na uku, da amarya ta ce a gwada takun da waƙar tamu, aka kunna, muka ga ƙafa tana wani wuri kiɗa yana wani wuri. Malamar ta tsaya ta saurara har ƙarshe tana taɓa hannu a cinya, sannan ta ce, “Amarya, laifina ne, ya kamata in ji wannan tun farko.” Na yaba da amincewar da ta yi, amma darasi uku cikin takwas ba ƙaramin kaso ba ne, kuma ba a ƙara mana ko guda a madadinsu ba.

Daga darasi na huɗu ne abin ya zama irin wanda na biya kuɗi dominsa. Malamar ta ajiye tsarin makarantar gefe, ta riƙe murabba'in da muka riga muka koya, ta sauya masa ƙirga kawai. Maimakon ɗaya, biyu, uku a jere, sai taku na farko ya ɗauki bugu biyu, sauran biyun kowanne bugu guda, wato a hankali, sauri, sauri. Ta ce haka ake ƙirga rumba irin ta Amurka, rawar da tushenta ke Kyuba, kuma murabba'in iri ɗaya ne. Nan take ƙafa ta zauna a kan kiɗan. Sai ta ƙara mana abu uku kacal: tafiyar shigowa fili, juyi guda da amarya za ta yi a ƙarƙashin hannuna, da wani wuri a amshin waƙar da za mu saki juna mu tsaya kafaɗa da kafaɗa muna fuskantar jama'a, mu yi irin rausayar da kowa ya sani a gida. Wannan na ƙarshen ba ita ta koya mana ba. Ta ce wa matata ta nuna mata yadda ake yi a wajen kamu, ta kalla, ta gyara mana lokacin shiga da na fita kawai, ta bar sauran yadda yake.

Ta kuma yanke waƙar. Asalinta ta haura minti shida, domin mawaƙin bai bar kowa ba, tun daga kakanni har abokan aiki. Malamar ta ce babu ango da amaryar da ba ƙwararru ba da za su riƙe idon jama'a fiye da minti biyu da rabi, don haka mataimakinta ya zauna da kwamfuta ya ciro baiti biyu da amshi, ya haɗa su yadda kunne ba zai gane an yi yanka ba. Na ji tsoron ƙorafin waɗanda aka cire sunayensu, sai ta ba da shawarar a bai wa mai saka kiɗa duka biyun: gajeruwar don rawarmu, cikakkiyar kuma a sake ta da zarar mun gama, lokacin da za a buɗe fili ga kowa. Haka aka yi, kuma babu gwaggon da ta rasa jin sunanta.

Darasi na shida shi ne wanda ba zan manta ba, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin ko wanda ya iya rawa zai amfana da zuwa. An ce mu zo da kayan da za mu sa a daren, ko makamantansu. Na zo da wata tsohuwar babbar riga ta shadda da hula, amarya ta zo da doguwar riga mai jela da takalmi mai tsini, ƙanwarta kuma ta ɗaura mata gwaggwaro. A riƙon da aka koya mana, hannuna na hagu yana riƙe da nata na dama a sama daidai kafaɗa, na dama kuma yana bayanta a kan allon kafaɗa. Da riga da wando wannan ba komai ba ne. Da babbar riga kuwa, ina ɗaga hannu sai hannun rigar da na naɗe a kafaɗa ya zame ya sauko, ya rufe hannuwanmu duka biyu, na koma ina rawa ina kokawa da yadi. Da aka zo juyi, hannuna ya daki gwaggwaron ya karkace zuwa kunne. Da amarya ta ja ƙafa baya, tsinin takalminta ya shige bakin rigarta, saura kaɗan ta zauna a ƙasa. Ƙanwarta ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa a raina na fara lissafin yadda zan ce a soke rawar.

Malamar ba ta yi dariya ba. Ta zagaya mu sau biyu tana kallon kayan, sannan ta bi matsalolin ɗaya bayan ɗaya. Ta sauko da riƙon ƙasa zuwa daidai ƙirji yadda ba sai na ɗaga kafaɗa ba, ta kuma ce in sa tela ya ɗan kama naɗin hannun rigar daga ciki da zare a kafaɗu biyu, abin da za a iya warwarewa bayan biki. Juyin ƙarƙashin hannu ta soke shi, ta maye gurbinsa da wanda zan sake ta ta zagaya ni hannunmu yana ƙasa daidai ƙugu, wanda ko gwaggwaro ya kai kamu guda tsawo ba zai taɓu ba. Jelar rigar kuma ta ce a ɗinka mata ɗan madauki da amarya za ta zura a wuyan hannu, sannan ta koya mata jan ƙafa baya a ƙasa maimakon ɗaga ta, don kada tsinin ya sami abin kamawa. Akwai wani salo da suke rufe rawa da shi, wanda ango zai kwantar da amarya baya a hannunsa, kuma shi ne suka fi nunawa a hotunan tallarsu. Ita da kanta ta ce mu bar shi. Ta ce hulata za ta faɗi, kuma ba ta ga yadda za a yi wannan a gaban surukai ba. Ban san ko duk malaman makarantar suna da wannan hankalin ba, amma ita tana da shi.

Sai batun liƙi, wanda babu shi a tsarin rawar Turawa amma shi ne yake kashe rawar ango da amarya a wurinmu, domin waƙa ba ta yin daƙiƙa talatin kafin abokai su cika fili. Malamar ta rubuta mana abin da za mu faɗa wa mai gabatarwa: ya roƙi jama'a su zauna har gajeruwar waƙar ta ƙare, ya kuma sanar cewa akwai tire da aka tanada. Wannan ya yi mana amfani ta fuska biyu. Takardun kuɗi a kan tayil santsi gare su, kuma sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wajen biki, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Kowa ya san ba a daina ba, amma tun da aka yanke wa wasu sanannun mutane hukunci a kai a 2024, sanarwar tire ba ta ba kowa haushi kamar da.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba ban da na waƙar. A tallarsu an rubuta darasi awa guda ne, amma minti hamsin ake yi, goman ta tafi a shiga da fita tsakaninmu da masu bin mu. Sau ɗaya mun zo muka tarar an haɗa lokacinmu da na wani ajin manya, aka ce mu yi namu a kusurwar ɗakin su suna nasu da wani kiɗan daban, ga kuma idanu a kanmu, abin da matata ta fi gudu tun farko; mun ƙi, aka mayar mana da darasin washegari, amma mun riga mun sha cunkoson hanya a banza. Wata rana kuma wuta ta ɗauke, janareton ginin bai iya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ba, muka yi darasin cikin gumi. Ba su da wurin alwala ko na salla duk da cewa yawancin darussan manya suna faɗawa ne tsakanin La'asar da Isha, don haka sai na riƙa sauka zuwa masallacin da ke bayan ginin. Ma'aikaciyar da ke karɓar kuɗi kuma ba ta gajiya da tallata mana ƙarin kaya, daga injin hayaƙi zuwa na tartsatsi zuwa 'yan rawa shida da za su raka mu, har sai da na ce mata kai tsaye ba ma so. Dokarsu ta soke darasi ma tana da tsauri: wanda bai sanar kwana guda kafin lokaci ba ya yi asararsa, alhali makonnin biki ba a rasa abin da zai taso ba zato.

A ɗaya ɓangaren, a ƙarshen kowane darasi suna ɗaukar mu a bidiyo su tura mana, kuma wannan ya fi madubin amfani, domin a bidiyon ne na ga cewa duk tsawon rawar ƙasa nake kallo. Darasi na takwas kuma a zauren da za a yi dinar aka yi shi da safe, ba tare da an ƙara mana kuɗi ba sai na motar malamar. A can muka gano tayil ɗin zauren ya fi katakon makaranta santsi nesa ba kusa ba, kuma filin da masu ado suka bari bai kai rabin wanda muka saba ba. Ta sa muka rage faɗin taku, ta kuma ciro takardar yashi daga jakarta ta goge ƙasan sababbin takalmanmu. Ta nuna mana inda teburin iyaye zai kasance, ta ce a nan za mu fuskanta lokacin da muka saki juna.

Wanda zai je, shawarata ita ce ya fara aƙalla wata guda kafin biki, tunda ba a fafe gora ranar tafiya, kuma makon ƙarshe ba na ango ba ne balle amarya da ke cikin lalle da gyaran jiki. Ya tabbatar an kunna waƙarsa a darasin farko kafin a koya masa ko taku guda, ya kuma kawo kayan bikin tun a darasi na biyu ko na uku maimakon na shida. Da mun yi haka, darasi huɗu ko biyar sun ishe mu, da kuma ban biya kuɗin takwas ba. Tsarin goma sha biyu kuwa ban ga wanda yake buƙatarsa ba sai mai son haddace doguwar rawa mai salo da yawa, kuma na ga irin waɗannan a dina, da zarar an manta taku guda sai komai ya rushe. Ya kuma nemi sanin malamin da za a ba shi kafin ya biya, domin abin da muka samu mai kyau daga mace guda da mataimakinta ya fito, ba daga tsarin makarantar ba.

A daren dinar na ɓata taku sau biyu. Na farko babu wanda ya lura sai matata, wadda ta matse mini hannu kamar yadda aka koya mata, na tsaya bugu guda na sake farawa da ƙafar hagu. Na biyun ya zo ne daidai lokacin da muka juya muna fuskantar teburin iyaye, na haɗa ido da kawuna wanda ya yi mini walicci, na ga ya ɗora haɓa a kan sandarsa yana kallona, sai ƙirgar ta gudu daga kaina gaba ɗaya. Abin da ya cece ni shi ne wurin rausayar gida ne, wanda ba ya buƙatar ƙirga. Hannun riga bai sauko ba, gwaggwaro bai motsa ba, abokaina kuma sun yi haƙuri har kusan ƙarshen amshi na biyu kafin su taso, wanda a wurinsu ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Washegari da na je gaishe da kawu, bayan an gama gaisuwa ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko a Abujan ne aka koya mini wannan, da kuma nawa na biya. Na faɗa masa rabin kuɗin.